Baƙar Laka a Ƙarƙashin Kejin Labbo

Ku matso kusa, ga wata nan na kawo muku, kuma ba ta Gizo ba ce. Kai mai hura gawayi, bar shayin nan ya dahu da kansa ka ba ni kunnenka. In na kai ƙarshe kowa sai ya faɗi nasa, ba wanda zai sulale mini da sunan zai je alwala.

An yi wani masunci, Labbo sunansa, Basarke ne, wato ɗan Sarkawa masu kamun kifi, daga wajen Yawuri. Kifi ya yi ƙaranci a gida, sai ya kwashi iyalinsa ya bi ruwa ya yi kudu, bai tsaya ba sai da ya dangana da wani babban tafki da ke jingine da teku. Tafkin nan baki ɗaya gare shi, wata 'yar mashiga, ta nan teku ke turo ruwan gishiri idan ta cika, ta nan kuma take janye abinta. Masu ƙasar suka ba shi wani lungu can ƙurya, nesa da mashigar, inda ruwa yake kwance ba ya ko motsi. Ya kafa bukka a kan turaku. 'Yan uwa suka ji labari suka biyo shi, kafin a jima wuri ya zama zango.

Kamun kifi bai karɓe shi a can ba, don masu wurin sun fi shi sanin ruwansu, sai ya koma kiwo a keji. Kejin nan raga ce mai zurfi kamar ɗaki, a rataye jikin katako, katakon kuma a kan durom-durom yake shawagi, a ɗaura wa gindin ragar bulo don ta miƙe. Karfasar da ya taho da ita daga gida ba ta son gishiri, ta yi ta mutuwa. Labbo kuwa akwai taurin kai. Wadda ta rayu sai ya ware ta ya haɗa da wata da ta rayu, 'ya'yansu ma ya sake tankaɗewa. Haka ya yi ta yi har gemunsa ya yi fari fat, sai ga shi da irin karfasar da gishiri bai dame ta ba, ga girma, ga tsoka. Iyayen nan keji guda ya keɓe musu, kuma duk kejin da ke zangon daga nan ake ɗibar masa 'ya'ya. Ku riƙe wannan da kyau. In iyayen nan suka mutu ba kasuwar da za a je a sayo irinsu, Labbo kuma ba shi da sauran shekarun da zai sake farawa.

'Ya'yansa uku. Nomau ne babba, wanda don kunya uban ba ya kama sunansa, sai dai ya ce Babba. Mutum ne mai faɗin ƙirji, ba ya son magana, amma in ya yi nutso sai ka gaji da jira ka fara salati kafin ya ɓullo. Mai bi masa Kulu, sunan mahaifiyar Labbo ta ci, don haka Uwata yake ce mata. Ita ce ta tafi makarantar koyon kiwon kifi, ta dawo da wata 'yar na'ura mai doguwar igiya da take zurawa cikin ruwa don auna iskar da ke cikinsa, ta kuma riƙe wa matan zango harkar banda. Autansu Tunau, magidanci ne shi ma, mai jirgin inji, yana jigilar masu haƙar yashi. Bakinsa ba ya hutawa, hannunsa kuma kullum da baƙin mai.

To, mu mutanen kogi muna da wata ɗabi'a, kuma kada wani ya sunkuyar da kai, duk mun sani. Kome ya ishe mu sai mu watsa ruwa, mu ce ruwa zai tafi da shi. A gida gaskiya ne, kogi gudu yake. Mutanen Labbo suka zo da ɗabi'ar nan wurin da ruwa ba ya zuwa ko'ina. Nomau ya zuba wa kifi dusa har ta fi ƙarfin cikinsu, saura ta nutse. Matan banda su feɗe kifi su watsa hanji da ɓawo. Tunau ya jera buhunan yashi ya yi wa jirginsa matsaya, ya tare ɗan guntun ruwan da ke zagayowa lungun. Ga kashin kifin kansu. Kowa ya watsa ya juya baya, shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa tambayar ina abin ya kwana.

Ana nan, damina ta yi nisa. Aka yi ruwa mai yawa, sannan aka shiga wasu kwanaki na zafi, sama a lulluɓe, ba rana ba iska, ko ganye ba ya kaɗawa. Ran nan da sassafe matan da suka fito wanke tukwane suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Ƙaguwa ce ke hawa turakun bukkoki, jere, tana gudun ruwa. Jatan lande ya taru a bakin gaɓa yana tsalle. A keji kuwa karfasa duk ta taso sama, baki a buɗe, tana haki. Wasu a ƙananan kejuna har sun juya farin ciki sama. Zango ya ruɗe da ihu. Wani ya ce guba aka zuba, wani ya ce mutanen ruwa aka saɓa wa.

Aka riƙo Labbo aka kawo shi kan katakon kejin iyaye, don tsufa ya hana shi tafiya da kansa. Ya ga kifinsa suna haki, wallahi sai da hawaye ya zubo masa. Ya ba da umarnin da kowane Basarke zai bayar. A gida in tafki ya kwanta kifi ya galabaita, maza ke shiga da gora su kaɗa ruwan tun daga ƙasa har sama, ya farfaɗo. Nan da nan jirage suka kewaye kejin, kowa da doguwar gorarsa a ɗage.

Sai ga Kulu ta taho a guje a kan gadar katako, ɗankwali a hannu. Ta zura igiyar na'urarta. A saman ruwa na'ura ta nuna akwai 'yar iska kaɗan. Ta ƙara saki, ta ragu. Ta kai ƙasa, babu ko ɗigo. Ta ɗanɗana ruwan da ke saman ta ji salam, ruwan damina ne, ta jawo na ƙasa a kwalba ta ji gishiri. Ba ta yi wata-wata ba ta diro cikin jirgin da ke gaba ta kama gorar mai shi da hannu biyu. Gorar na kusa ta riga ta sauko, ta same ta a tsintsiyar hannu, amma ba ta saki ba.

"Baba, ka hana su," in ji ta. "Duk wanda ya taɓa ƙasan ruwan nan ya kashe kifinka."

Ku duba fa, 'ya ce ta tare umarnin ubanta a gaban duk mazan zango. Labbo ya dube ta, ransa a ɓace.

"Uwata, tun ba a haife ki ba nake kaɗa ruwa. Yau ke za ki koya mini?"

Ta ce ba koya masa za ta yi ba, alfarma take roƙo, a ba ta ɗan lokaci a kawo mata abin da ke ƙasa ya gani da idonsa. Ba ta rufe baki ba sai aka ji tsulum. Nomau ya riga ya shige da kwano a hannu.

Abin da ya gani a can, shi da ba ya magana, sai da ya yi kwanaki yana ba da labarinsa. Ya ce da ya wuce tsayin mutum sai ya ji ya shiga wani ruwa dabam, mai nauyi, mai yaji a ido. Ƙasa kuwa ba yashin da ya sani lokacin da suka kafa kejin. Laka ce baƙa ƙirin, da wani farin yana-yana a kanta, ƙaguwa a mace, tsutsotsin laka duk sun fito daga ramukansu sun miƙe. Ya tura hannu har kafaɗa bai taɓa tauri ba. Abin da ya fi tayar masa da hankali, da can tsakanin gindin raga da ƙasa akwai fili mai yawa, yanzu laka ta taso ta haɗiye bulon da ke kusurwoyi, ta kama ragar kanta. Ya ɗebo a hankali ya taso. Da ya miƙa kwanon, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya sa mutane toshe hanci, zoben azurfar da ke yatsansa kuma ya koma baƙi.

Kulu ta sa aka kawo kwalabe biyu da ruwan randa mai kyau. Ta jefa ɗan ƙaramin kifi a kowace, ɗaya kuma ta ƙara mata cokalin lakar nan ta girgiza. Kowa ya zuba ido. Kifin kwalbar farko yana ta yawonsa. Na biyu ko, ba a daɗe ba ya taso sama yana buɗe baki, daidai yadda iyayen ke yi a keji. Ta tsamo shi ta mayar ruwa mai kyau, sannan ta yi bayani da sauri, hannunta na kumbura tana magana. Ta ce kifi ma iska yake shaƙa, wadda ke narke cikin ruwa, ita ake ce wa oksijin. Duk abin da aka watsa ya kwanta a ƙasa yana ruɓa, masu ruɓar da shi kuma wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, su ma iskar suke shaƙa, dare da rana. Da can iska da igiyar ruwa na gauraya sama da ƙasa suna mayar da abin da aka shanye. Yanzu ruwan damina mara nauyi ya hau kan na gishiri ya zauna kamar murfin tukunya, na ƙasa ba ya samun sabuwar iska, laka ta shanye wadda ke akwai, ta fara jan ta sama. Ɗan abin da ya rage a saman nan shi kifi ke rayuwa a kai, in gora ta tayar da laka shi ma ya tafi.

Labbo ya dubi kwalbar, ya dubi kwanon. Ya ɗaga hannu, gorori suka sauka. Ya tambaye ta mafita, ta ce guda ce, a fitar da kejin daga lungun nan zuwa bakin mashiga inda ruwan teku ke shige da fice, kuma a yi shi yanzu. Amma ragar na cikin laka. In aka ja daga sama, ko ta yage kifi su watse, ko ta tumɓuko baƙin nan duka a kansu.

Nomau ya sa wuƙa a baki ya koma. Kusurwa huɗu ce, kowace sai ya lalubo igiyar bulo cikin duhu, ya yanke, ya zare ragar a hankali yadda laka ba za ta tashi ba, ya ɗaura mata wata igiya ya hauro da ita a ɗage gindin sama. Ta farko lafiya. Ta biyu ya fito idanunsa jawur. A ta uku ya yi amai a gefen jirgi, matarsa na kuka tana roƙon a hana shi, wasu samari biyu suka ce za su karɓe shi, suka shiga, ko rabin hanya ba su kai ba suka dawo suna tari. Ya koma ta huɗu. Aka jira, aka jira. Labbo da bai taɓa kiran sunan ɗansa ba, ranar sai da aka ji ya ce, "Nomau." Can sai ga igiya ta motsa, ga kai ya ɓullo, jini na bin kunnensa na hagu. Raga ta saku, keji ya yi sama ya daidaita, zango ya ɗauki kabbara.

Saura tafiya, kuma nan ne Tunau ya shigo. Tun ana gardamar gora shi bai tsaya saurare ba, ya je ya cika tanki ya ɗauko doguwar igiya. Teku ta fara janyewa. Wannan taimako ne, don ruwan zai tura su wajen mashiga, amma kuma akwai tudun yashi a hanya da ke fitowa fili in ruwa ya janye sosai. Ya ɗaura kejin a bayan jirginsa, ya karkata injin yadda rabin farfela ke waje, tana feshin ruwa baya yana zuba a kan kifin kamar yayyafi. Kulu da ta ga haka har tsalle ta yi, ta ce feshin nan iska yake sa wa ruwa, kada ya daina.

Ya ja a hankali. In ya yi sauri raga za ta naɗe ta matse kifin, in ya yi sanyi ruwa zai gudu ya bar su. Jiragen zango duk suka biyo, ana ta yi masa ihu ya miƙe kai tsaye, ga mashiga can ana hango ta. Ya yi kunnen uwar shegu da su, ya karya hagu ya ɗauki doguwar hanya. Har Labbo sai da ya daka masa tsawa.

"Baba, miƙaƙƙiyar hanyar nan laka ce zalla, ba zurfi," in ji Tunau, bai ko waiwayo ba. "Nan kuwa ramin masu yashi ne, kullum ta nan nake bi. Ka bar ni da shi."

Suka bi ramin, keji na tafe a baya, kifi na haki, wasu sun fara kwantawa gefe. Suna isa tudun yashi sai ji aka yi gurrr, gindin raga ya zauna. Ruwa ya riga su. Mata suka ɗora hannu a ka. Tunau ya kwance igiya, ya juyo da jirgin ya manna gindinsa kusa da kejin, ya sa aka riƙe shi da gora ta ko'ina, ya nutsar da farfela ya murɗa injin har ƙarshe. Ƙarfin ruwan ya shiga haƙe yashi a gaban kejin, farin yashi mai tsabta, ba laka ba. Inji na kuka, hayaƙi na tashi, ana ce masa ya sassauta zai ƙone, ya ce ya ƙone ɗin. Maza da mata suka diro ruwa iya ƙirji suka sa kafaɗa. Keji ya motsa, ya tsaya, ya sake motsawa, sai ya zame ya faɗa zurfi. A daidai nan injin ya yi wata ƙara ya mutu, bai sake tashi ba har yau.

Ruwan mashiga kore ne, mai sanyi, yana gudu. Aka ɗaure kejin, kowa ya leƙa. Kifin da ke sama suka rufe baki ɗaya bayan ɗaya, suka karkaɗa jela, suka nutse. Ko waɗanda suka kwanta gefe, mafi yawansu sun miƙe. Kai, ranar an yi guɗa! Labbo ya zauna a kan katako yana dariya yana share ido, yana sa wa 'ya'yansa albarka.

Murna ba ta daɗe ba. Da suka koma lungu suka tarar kifin sauran kejuna duk sun mutu, fari fat a kan ruwa. Kulu ta auna ta ce lakar da aka tara a shekaru ba za ta huce a damina ɗaya ko biyu ba, lungun nan ya gama ɗaukar keji sai wani zamani. Bakin mashiga kuma ba nasu ba ne, wurin kamun jatan landen masu ƙasa ne tun kakanninsu. Washegari dattijonsu ya zo da mutanensa, ya ga kejin, ya ji abin da ya faru. Mutumin kirki ne, bai ce a cire ba. Ya ce saboda zaman amana da Labbo sun yarda keji ɗaya ya zauna, da gida ɗaya da zai kula da shi, bisa sharaɗin ko ƙwayar dusa ba za a watsa a ruwa ba. Fiye da haka wurin ba zai ɗauka ba, su ma suna da bakunan ciyarwa.

Keji ɗaya, gida ɗaya. Ma'ana cikin 'ya'yan Labbo ɗaya ne zai zauna da iyayen kifin, ya riƙe tsohon, ya gaji wahalar rayuwarsa duka. Biyu kuwa sai su ɗaure kaya da iyalansu su bi sauran mutanen zango neman wani ruwan, su fara daga babu. Labbo ya tara su. Ga Nomau da auduga a kunne, kunnen da bai sake ji da shi ba. Ga Kulu da hannu a ɗaure, ɗori ya kama amma yatsu biyu sun ƙi lanƙwasuwa. Ga Tunau da jirgi ba inji, sana'arsa ta tsaya. Ba wanda ya roƙa a cikinsu, kuma ba wanda ya ce ya yafe. Tsoho ya dube su, ya ce a ba shi lokaci.

Mutanen zango suka rabu uku. Masu goyon Kulu suka ce ba don ta kama gorar nan ba, da kifi sun mutu tun kafin wani ya yi nutso ko ya tayar da inji, kuma ita kaɗai ta san ciwon, ita za ta hana a maimaita. Masu goyon Nomau suka ce sanin Kulu zato ne sai da ya ɗebo laka ta zama hujja, kuma da raga ta zauna a ƙasa da ilimin da injin duk ba su da amfani, shi ne kuma ya sa ransa. Masu goyon Tunau suka ce an gano ciwo, an kwance raga, to sai me? Da kifin sun mutu a inda suke, ko a miƙaƙƙiyar hanyar da kowa ya so a bi, har da uban.

Ni dai na kawo muku ita har nan, kuma ba zan taya ku ba. Ku ne Labbo yau, ga 'ya'yanku uku zaune a gabanku. Wa za ku ce ya zauna da kifin, su wa kuma za ku ce su ɗaure kaya?